Ladan Nata'ala da Shehun Koriya

Akwai mutane a layin masu katifa na Zongo da za su ce maka da muryar Ladan Nata'ala aka yaye su, kuma ba su yi ƙarya ƙwarai ba. Tun ana tsohon Zongo na cikin gari, kafin a kwaso mutane da tukwanensu da awakinsu a zube su nan arewacin Lome, shi ke kiran sallah. Ubansa Bakatsine ne mai fataucin goro, ya zo ya ga teku ya ce nan ƙarshen hanya, ya zauna. 'Ya'yan da aka haifa masa kafin wannan duk sun koma, shi ya sa da wannan ya zo aka ce na Ta'ala ne, in Ya bar shi an gode. Ya bar shi, Ya kuma haɗa masa da maƙogwaro.

Sana'arsa ɗinkin katifa ce, ta audugar rimi, tun kafin katifar soso ta zo ta kashe kasuwa. Yini yake yana bugun auduga da sanda, ƙura tana shiga hanci da baki, in lokaci ya yi ya kaɗe rigarsa ya hau matakalar masallaci. Ladanci ba aikin albashi ba ne. Abin da ake samu a ciki cinyar rago ce ranar layya, da suna. Duk wanda ya san Nata'ala ya san cinyar ba ta dame shi ba. Sunan ne. Yara ba su san sunansa na yanka ba, matarsa Safara'u ma in tana fushi Ladan take ce masa. Mabuɗin ɗakin lasifika kuwa a wuyansa yake kwana, da igiyar da ta yi baƙi don zufa.

Audugar da ya yi shekaru yana haɗiya ba ta manta da shi ba. Da tsufa ya zo sai ta fara neman hanyar fita, kuma ba ta zaɓi wani lokaci ba sai tsakiyar kiran sallah. Wata la'asar ya ɗauko Hayya alal falah da kyau, yana kai rabin hanya tari ya shaƙe shi. Lasifika ba ta da kunya. Ta ɗauki tarin nan ta raba wa kowane gida, har masu sayar da koko na bakin titi suka samu rabonsu. Bayan tarin kuma aka ji shi yana haki yana cewa a ba shi ruwa, shi ma duk unguwa ta ji.

Washegari matan da ke layin famfo har sun iya kwaikwayonsa. Su ne dai waɗanda in ana kiran sallah ba sa tsayar da hira, amma ran nan kowacce ta zama mai kishin addini.

A cikin waɗanda abin ya fi taɓa wa zuciya akwai Abdel, ɗan Alhaji Taufiq. Alhaji Taufiq shi ya sayi lasifikar da fankokin masallacin, kuma bai taɓa bari kowa ya manta ba. Abdel ya yi jami'a, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, wayarsa cike da kiran sallar ƙasashen Larabawa, kuma maƙwabta sun shaida cewa yana gwadawa a banɗaki. Ya tare Nata'ala a ƙofar masallaci, ya rusuna kamar ɗan kirki, ya kira shi Tonton, wato kawu.

"Tonton, ya jikin? Wallahi jiya ka ba ni tausayi."

"Alhamdu lillahi. Ƙura ce."

"Ya kamata ka huta, Tonton. Ka yi wa addini hidima, ça suffit, ya isa haka. Mu yara muna nan."

"Na gan ku," in ji Nata'ala, ya sa hannu ya taɓa mabuɗin ta cikin riga.

Ya koma gida ya sha zuma, ya sha citta da kanumfari, ya sha man shanu, ya sha rubutu. Tarin ya sha tare da shi ya ƙara ƙarfi. Liman Ilyas, wanda suka taso tare, ya kira shi gefe ya ce mutane sun fara magana, in ba sauƙi zuwa azumi sai dai a duba. Liman mutumin kirki ne, irin waɗanda ba sa son ɓata wa kowa, shi ya sa kullum mai fanka ke cin nasara a kansa.

Batul, autar Nata'ala, tana aiki a wata masana'antar gashin kanti ta 'yan Koriya. Ita ta kawo maganar. Ta ce akwai wani tsoho a wurinsu mai gyaran injuna, Musiye Yun, kullum da safe sai ya tsayar da ma'aikata a tsakar gida su yi ta numfashi kafin a kunna inji.

"Papa, ya girme ka, amma yana hawa bene da akwatin ƙarfe ba ya haki."

"Sinuwa ne? Ɗan ƙasar Sin?"

"Ɗan Koriya."

"To ba duk Sinuwa ba ne? Me zai koya mini, numfashi? Tun kafin a haifi uwarki nake yinsa."

Safara'u tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗaga kai ba. "Je ka, Ladan. Ka sha zuma, ka sha rubutu, ka shanye mini citta. Abin da ya rage iska ce, ita ma je ka sha."

Ranar Lahadi bayan asuba ya hau zemijan, babur ɗin haya, Batul ta hau wani, suka ratsa gari har bakin teku ta wajen Kodjoviakopé, inda masu gudun motsa jiki ke cika rairayi. Suka tarar da Yun ƙarƙashin itatuwan kwakwa, ɗan siriri, kansa fari fat, yana tsaye ya ɗan lanƙwasa gwiwa, hannuwa a gaba kamar mai rungume da randa. Nata'ala ya dube shi, ya dubi 'yarsa, ya ce a ransa wannan ne zai ceci ladancinsa.

Yun ya ce ya yi numfashi ya gani. Nata'ala ya ja iska, kafaɗu suka tashi har kunne, tari ya biyo baya. Yun ya girgiza kai, ya miƙa yatsa ya soki cikinsa ƙasa da cibiya. Tun da Nata'ala ya balaga ba wani namiji da ya taɓa shi a wurin.

"Danjan," in ji Yun. Ya ƙara da wata magana da Faransancinsa mai tsalle-tsalle, Batul ta fassara.

"Ya ce nan ne rumbun numfashi, Papa. Ya ce kai kana zuba iska a ƙirji, ƙirjin kuma ya tsufa. Ka saukar da ita nan ƙasa, a hankali, ka bar cikin ya kumbura, sannan ka sake ta kamar kana zare zare daga allura."

Haka aka fara. Da farko Batul ke raka shi, daga baya ya riƙa zuwa shi kaɗai, da ɗan Faransancinsa na kasuwa, Yun da nasa na injuna, sauran kuma hannu ya cike. Ya koyi tsayuwar rungumar randa har cinyoyinsa na rawa. Ya koyi bubbuga ƙasan cibiya da tafin hannu, ya koyi miƙe haƙarƙari, ya koyi zama shiru yana bin iska tana shiga tana fita ba tare da ya kore ta ba. A gida yakan hau rufin masallaci da hantsi ya yi abinsa. Mutane suna ganinsa daga ƙasa, suna cewa tsufa ya fara taɓa Ladan, Allah sarki.

Yun kullum kukansa ɗaya ne, Lome ba ta da dutse. Yakan nuna gari da hannu, a shimfiɗe kamar tabarma, ya yi tsaki. Ya ce a ƙasarsu duk inda ka juya dutse ne, kuma wannan numfashin daga duwatsu ya sauko. Tsofaffin da suka gaji da gari ne suke hawa can sama, su zauna cikin itatuwa kusa da ruwa, ba sa cin abinci sosai, ba sa magana, suna gyara numfashi da zuciya har su yi shekaru masu yawa. Nata'ala, wanda abin da ya fi tsawo da ya taɓa hawa shi ne matakalar masallaci, ya gane maganar nan take. Ai halwa ce. Ashe su ma suna da masu shiga halwa. Daga ran nan ya daina ce masa Sinuwa.

Kafin azumi ya kama muryar ta dawo. Ba irin ta ƙuruciya ba, ta fi kauri, amma tana tafiya ba ta tuntuɓe. Yakan ɗauki Allahu Akbar ya ja ta har mai jira ya fara tunanin ko wani ya karɓa masa a hanya. Matan famfo suka ce su dama sun san Ladan bai ƙare ba. Liman Ilyas ya rungume shi. Abdel ya ce masha Allah, da irin fuskar da mutum ke yi in ya taka ƙusa a gaban surukai.

Bayan sallah ƙarama Nata'ala ya kai wa Yun tuwon shinkafa da miyar taushe har gida don godiya. Yun ya ji daɗi, shi ma ya ga bai kamata baƙo ya koma hannu wofi ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wani hoto da ya yanko daga tsohuwar kalanda. Wani tsoho ne mai farin gemu har ƙirji, yana zaune ƙarƙashin wata bishiya mai karkace a kan dutse, fuskarsa a sake, ga wata ƙatuwar damisa mai ratsi-ratsi ta kwanta a gefensa kamar kyanwar gida. Ran nan Batul tana wurin aiki.

Nata'ala ya nuna tsohon da yatsa yana tambaya da ido.

"Sanshin," in ji Yun.

Nata'ala ya yi mamaki. Ashe mutumin nan ya fara jin Hausa. Ya sake duban hoton da kyau don kada ya yi ƙarya, sannan ya ce, "A'a, ban san shi ba."

Yun ya ji kalmarsa a bakin abokinsa, fuskarsa ta washe. "Wi, wi. Sanshin." Ya nuna dutsen, ya nuna cikinsa, ya tura masa hoton a ƙirji. "Sanshin."

Shi ke nan magana ta fito fili. Cewa yake san shi, wato ya kamata ka san shi, shi ne shehin da aka karɓo wannan ilimi daga wurinsa. Nata'ala ya karɓa da hannu biyu. Ko ba a faɗa ba, wa damisa za ta kwanta wa haka in ba waliyyi ba?

A bangon ɗakinsa akwai hotunan shehunnai da ya tara tun yana saurayi, na Kaulaha da na Kano da wasu da rana ta cinye fuskokinsu. Ya kai wa mai gilashi aka sa wa sabon firam, ya buga ƙusa ya rataye shi a ƙarshen layi. Safara'u ta tsaya ta daɗe tana dubawa.

"Wannan shehin ba shi da rawani."

"Ƙasarsu ba a yi."

"Ba shi da carbi."

"Manya a zuci suke ja."

"To ita kyanwar fa, almajirarsa ce?"

"Safara'u, ki ji tsoron Allah. Shehu Sanshi ne."

Ta ce Allah Ya ba mu albarkacinsa, ta koma kicin. Shi kuwa tun daga ran nan in ya idar da wuridi yana kai ladan Fatiha ga magabata, sai ya sa Shehu Sanshi a ƙarshe, don bai kamata mutum ya ci moriyar ilimi ya manta da mai shi ba.

Hoton ya daɗe a bangon, ba wanda ya ce komai, don masu shiga ɗakin tsofaffi ne irinsa, kowa ya ga gemu ya yi shiru. Sai wata rana ruwa ya shiga lasifika, Alhaji Taufiq ya aiko Abdel ya karɓi mabuɗi a ɗauko ta a kai wa mai gyara. Nata'ala yana alwala a tsakar gida, ya ce masa ya shiga ya jira. Abdel ya shiga, ya ga damisa a cikin shehunnai, ya ɗaga waya ya ɗauka. Wayoyin yanzu ka nuna musu abu su gaya maka sunan kakansa. Abin da ta gaya masa ya sa ya manta da gajiyar watanni.

Yaro mai tarbiyya ne, bai ga ya dace ya tayar wa dattijo hankali ba. Saboda haka bai ce masa komai ba. Ya karɓi mabuɗi, ya ɗauko lasifikar, ya dawo masa da shi, ya yi godiya, ya fita ya aika hoton ga matasan masallaci, da bayani, da neman a yi wa Tonton addu'a.

Da azahar labarin shi ne Ladan yana da hoton aljanin dutse a ɗakinsa. Da la'asar aljanin ne ke yi masa kiran sallah, shi buɗe baki kawai yake. Kafin magariba an samu wanda ya gan shi da idonsa a bakin teku yana yanka baƙin zakara, an kuma samu wanda ya ga gashin zakaran. A garin da kowa ya san abin da matsafa ke kaiwa bakin teku da sassafe, ba a buƙatar dogon bayani. Masu cewa tsufa ne ke sa shi rungumar iska a kan rufi suka tuna cewa dama tun lokacin jikinsu ya ba su.

Batul ce ta shigo da wayarta, idanunta sun yi ja.

"Papa, wa ya ce maka shehi ne?"

"Yun. Ya ce in san shi."

"Sunansa ke nan, Papa. Sanshin. Esprit de la montagne. Mai dutse. Can ƙasarsu wasu suna kai masa abinci suna roƙonsa."

Nata'ala ya ɗaga kai ya dubi hoton. Abin da ya fara zuwa masa ba maganar mutane ba ce, Fatihohin nan ne. Ya tashi ya sauke hoton, ya kifa shi a ƙasa. Ya yi wanka, ya yi nafila, ya zauna yana istigfari har Safara'u, wadda ta tanadi maganganu masu yawa game da kyanwar, ta haɗiye su duka ta ajiye masa abinci a gefe.

Da safe ya naɗe hoton a tsumma, ya ce Batul ta zo ta tsaya tsakaninsu, wannan karon ba hannu ba ido, magana yake so. Suka sami Yun a bakin teku. Da Batul ta bayyana masa abin da san shi ke nufi a Hausa, tsohon ya yi dariya har ya zauna a kan rairayi. Da ta gaya masa sauran, ya daina.

Ya ce shi ɗan coci ne, bai taɓa roƙon tsohon nan komai ba, hoton yana tuna masa gida ne kawai. Kakarsa ce take hawa dutsen garinsu da shinkafa da ruwa mai kyau, ta kai wani ɗan ɗaki da ke bayan wurin ibada, inda ake ajiye irin wannan hoton. A wurin mutanen da, kowane dutse da mai shi, kuma wanda zai zauna a kai sai ya girmama mai gida.

"Tambaye shi," in ji Nata'ala. "Numfashin nan na tsohon hoton ne?"

Yun ya yi bayani. Batul ta saurara ta juyo.

"Ya ce ba zai yi maka ƙarya ba. Waɗanda suka fara shi a duwatsun suka zauna, kuma sun yarda da mai dutsen, wasu ma ana cewa da suka daɗe sun zama irinsa. Daga can ya fito. Amma ya ce shi abin da ya koya maka ciki ne da iska, cikin naka ne, iskar kuma ta Lome ce."

Nata'ala ya so a ce masa a'a kawai. Ya miƙa hoton, Yun ya karɓa da hannu biyu ya sunkuyar da kai.

Ran nan bayan la'asar aka zauna kan maganar a barandar masallaci. Liman Ilyas a tsakiya, dattawa a gefe, Alhaji Taufiq a kan kujerar roba saboda gwiwa, matasa a tsaye a baya, Abdel a gabansu da waya kamar mai riƙe da shaida a kotu. Mata ba a gayyace su ba, sai dai ran nan aka ga kowacce tana da shanya a kusa da katangar.

Nata'ala ya faɗi yadda abin ya faru, bai rage ba. Da ya zo kan san shi wasu suka yi dariya, suka tuna inda suke suka mayar da ita tari. Ya ce hoton ya koma wurin mai shi, ya tuba, kuma zakara bai taɓa yankawa ba sai na suna.

"Mun yarda, Tonton," in ji Abdel. "Ba wanda ke zarginka. Le problème, matsalar dai, tushen ne. Abin da aka samo daga wurin masu bautar dutse, da shi ake kiran mutane sallah. Ni tambaya kawai nake."

"Jariri ma da ciki yake numfashi," in ji Nata'ala. "Je ka duba na gidanku."

"Jariri ba ya kiran sallah, Tonton."

Dattawa suka gyaɗa kai, wannan hujja ce. Aka shiga muhawara a kan ko iska tana ɗaukar najasa. Wani ya ce in niyya ta yi kyau ba laifi. Wani ya ce niyyar Ladan ta yi kyau lokacin da yake wa aljani Fatiha ma. Alhaji Taufiq ya ce shi ba malami ba ne, shi dai ya san ba don a busa numfashin tsafi a ciki ya sayi lasifika ba. Yana maganar tumbinsa na tashi yana sauka a ƙarƙashin shadda, a gaban kowa, ba wanda ya tambaye shi a wane dutse ya koyo.

Liman Ilyas ya ga hanya, irin hanyoyin da ya saba nema, wadda kowa zai wuce ba a goga kafaɗa ba. Ya sa aka ɗauko Alƙur'ani.

"Malam Nata'ala ɗan'uwanmu ne, ya yi kuskure ya gyara. Abu ɗaya ya rage. Ya dafa ya rantse ya bar numfashin Koriya, ya koma irin namu na gado. In ya yi, mabuɗi nasa ne har Allah Ya karɓi abinsa. Alhaji, ka yarda?"

Alhaji Taufiq ya dubi ɗansa, ya dubi jama'a, ya ce ya yarda. Abdel ya sa wayarsa a aljihu.

Abin ya zo da sauƙi fiye da yadda Nata'ala ya zata. Ya matso, ya ɗaga hannu. Kafin ya ɗora sai ya tsaya ya gwada, don ya san abin da zai rantse a kai. Ya ja iska ya tura ta ƙirji, kafaɗu suka tashi. Ya sake ta. Ta biyun da ta zo, wadda bai kira ba, ta wuce ƙirjin ko sallama ba ta yi ba, ta sauka ƙasan cibiya ta zauna. Ya sake gwadawa. Muddin yana tsaronta tana bin umarni, yana ɗauke hankali ta koma inda ta saba.

Ya sauke hannun.

"Liman, in tsohon hoton nan ne, zan rantse ba ni ba shi. In teku ce, zan rantse na daina zuwa. Amma cikin nan ya daina shawara da ni. Safara'u ta ce ko barci nake haka yake yi. In na dafa na ce na bari, kafin in ɗauke hannuna na karya."

Liman ya sunkuyo kusa da kunnensa, ya yi ƙasa da murya. "Nata'ala, dafa kawai mu tashi. Wa zai leƙa ƙarƙashin rigarka?"

"Wanda nake kiran mutane su zo wurinsa."

Liman ya koma ya zauna daidai, bai ƙara dubansa ba. Aka ji wata a bayan katanga tana kaɗe zanen da ya riga ya bushe. Nata'ala ya ciro igiyar daga wuyansa, ta maƙale a hula, ya cire hular ya fitar da ita, ya ajiye mabuɗin a kan tabarma gaban Liman, ba a hannun kowa ba. Abdel ya bari aka ce masa ya ɗauka har sau biyu, saboda kunya.

An yi masa adalci, ba a ce an cire shi ba. An sanar cewa Ladan Nata'ala ya nemi hutu saboda shekaru, an yi masa addu'a mai tsawo, Alhaji Taufiq da kansa ya yi alkawarin cinyar layya ba za ta yanke ba. Masu labarin zakara suka zo har gida suna cewa su dama ba su yarda ba.

Magaribar ran nan ta same shi a tsakar gida, a kan tabarma, ya yi alwala tun da wuri don ƙafafunsa sun saba tashi kafin kowa, sai ya rasa inda zai kai su. Lasifika, wadda ta dawo daga gyara, ta yi ƙara, aka hura ta, aka ƙwanƙwasa, sannan muryar Abdel ta fito. Ba laifi, yaron yana da murya, da lanƙwasa iri-iri da ya kwaso daga waya, sai dai yana yanka kalma biyu ya sha iska a tsakiya. Safara'u ta buɗe baki za ta yi magana, Nata'ala ya ɗaga mata hannu. Ana kiran sallah.

Ya shiga amsawa a hankali, kamar yadda ake so ga duk wanda ya ji kira. Rabonsa da zama a wannan gefen tun yana saurayi. Allahu Akbar, ya amsa. Shahada, ya amsa. Da aka zo Hayya alas salah, bakinsa ya ɗauka ya bi, har ya fara ja.

"Ladan," in ji Safara'u. "La haula ake cewa a nan."

"Na sani."

"To faɗa."

Ya faɗa. Da aka zo ta gaba ya faɗa daidai ba a tuna masa ba. Aka gama, ya yi addu'ar bayan kira, ya sa takalmansa ya fita. Ya tarar sahun farko ya cika da matasa, ya tsaya a na biyu.